Gyaɗa, Funfuna da Turmin Gwaggo: Kundin Aikin Bincikena

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Yau Malam, mai duba aikin bincikena a jami'a, ya sa hannu a kan takardar tsarin aikin, aiki ya tabbata. Zan bi sawun gubar aflatoksin tun daga buhun gyaɗa har zuwa ƙuli-ƙulin da ake ƙullawa a leda a cikin birni. Na yi niyyar rubuta duk abin da ya gudana a nan, mai daɗi da marar daɗi, saboda ƙannenmu da ke tafe a sashen, kuma saboda matan da zan shiga gidajensu suna da haƙƙin sanin abin da aka yi da gyaɗarsu.

A gidan ƙuli na tashi. Gwaggo, yayar babanmu, ta haura shekara 30 tana matsar mai. Da kuɗin ƙuli ta aurar da 'ya'yanta, da shi ta cika mini kuɗin rajista a shekarar da abubuwa suka tsaya wa Baba. Shi ya sa ranar da na fara jin sunan wannan guba a aji, ina shekara ta uku, jikina ya yi sanyi. Malamin yana ta bayani a kan wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara, tana zuba musu dafin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wutar girki kuma ba ta kashe shi. Ni kuwa turmin Gwaggo kawai nake hange.

Duniya ba ta san da gubar ba sai a 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen gona na Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil aka haɗa musu abinci da ita. Tunkuza fa, wadda muke mulmulawa mu soya, mu daka a yajin tsire, mu kwaɗa zogale da rama da ita, a shafa a kilishi, yaro ya jiƙa garin kwaki ya jefa ta a ciki. A Kano ban san gidan da ba ta shiga ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kasuwar Dawanau tun da sassafe, ni da ƙanena da ya riƙe mini jaka. Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa, tsohuwa ma tana nan a wasu shaguna. Na sayi tiya-tiya a wurare daban-daban, kowace na zuba ta a jakar takarda na rubuta mata lamba. Lamba kawai. Ba sunan mai shago, ba layin da yake, kuma haka zan yi har ƙarshe, domin wanda ya sayar mini shi ma saye ya yi.

Wani dattijo da na daɗe a gabansa ina duba gyaɗa ya ce, "Malama, mai za ki yi ko iri?" Na ce, "Baba, karatu zan yi da ita." Ya yi dariya ya sa aka ba ni benci. Shi ya ba ni labarin dalar gyaɗa da ya gani da idonsa yana yaro, buhu a kan buhu har sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta nemi faɗuwa. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama dukiyar garin nan, da ita su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Fari na farkon shekarun 1970 ya karya manoma, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Dattijon ya ce, "Yanzu ko ka tara ta, Turawa sai su ce tana da ciwo." Na ce masa ciwon nan nake nema.

Abin da yake nufi gaskiya ne. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya. Amurka ta tsaya a 20. Don mutum ya gane ƙanƙantar abin: maikirogiram 1 a kilo daidai yake da giram ɗaya tak a cikin tan 1,000, wato lodin tirela fiye da 30. Wadda ba ta cancanci tsallaka teku ba, a gida take zama, mu muke ci.

Talata, 29 ga Oktoba

Fiye da mako guda babu wuta a Arewa. Tsinkayen gwajin gubar da na saya daga Legas da kuɗin da na daɗe ina tarawa suna son sanyi, firjin ɗakin gwaje-gwaje kuwa ya zama akwati. Na zuba su a kula, kullum ina neman ƙanƙara a unguwa, ita ma ta yi tsada ta yi wuya. Jiya wata ƙawata da gidansu ke da sola ta karɓe su ta sa a firjinsu, kusa da kunun ayar mamarta. Allah ya saka mata. Shuka gyaɗa a faranti don funfuna ta tsiro ta tsaya sai wuta ta dawo.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An fara. Abincin da funfuna ke so ba shi da wuyar haɗawa: dankalin turawa giram 200 a dafa a tace ruwan, a zuba sukarin gulukos giram 20, da garin aga da ke sa shi daskarewa, a cika ruwa ya kai lita ɗaya. Sai tukunyar matsi, digiri 121 na minti 15, don duk wani abu mai rai da ke ciki ya mutu. Na wanke gyaɗar da ruwan bilic mai rauni don in kashe abin da ke bayan fatarta, na ɗauraye da ruwan da aka dafa, na jera ƙwaya biyar-biyar a kowane faranti kusa da harshen wuta. Abin da ya tsiro bayan wannan wanki, daga cikin ƙwayar ya fito.

Talata, 12 ga Nuwamba

Gani ya kori ji. Kwana shida, farantai sun cika. Wasu ƙwayoyin sun yi baƙi ƙirin kamar an barbaɗa musu gawayi, wannan Aspergillus niger ce. Wasu sun yi farin gashi kamar auduga har ya taɓa murfi. Wadda nake nema kuwa ba ta ɓuya: kore mai ratsin rawaya, kamar garin kuka da ya sha rana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙwaya a faranti mai lamba 9. Na tuna ta sarai lokacin da nake jerawa, cikakkiya ce, jajir, irin wadda za ka ɗauka ka jefa a baki ba tare da tunani ba. Yau ta lulluɓe da kore.

Na ɗebo kaɗan da allura, na ɗiga shuɗin rini, na sa a madubin hangen ƙananan halittu. Duk wanda ya taɓa ganin furen albasa ya ga siffarta: doguwar sanda, da dunƙulen kai a sama, 'ya'ya sun kewaye shi jere-jere. Waɗannan 'ya'yan ne iska ke kwasa. Na daɗe ina kallo. Halittar Allah ce mai kyawun tsari, ga kuma abin da take yi wa hanta.

Daga yau ba na buɗe faranti sai da takunkumi da safar hannu, kuma duk abin da ya taɓa ta sai ya kwana a ruwan bilic.

Alhamis, 5 ga Disamba

Makonni uku ina raba su ɗaya-ɗaya, ina sake shukawa a abincin da aka haɗa da kwakwa. Dalili shi ne ganin funfunar ba ya nufin akwai guba. A cikin dangin nan akwai masu dafi, akwai waɗanda ba sa yin sa ko kaɗan, kuma a ido kamarsu ɗaya. Hanya biyu na bi. Na farko, na kashe fitilar ɗaki na haska farantai da fitilar nan mai haske shuɗi-shuɗi irin ta duba jabun kuɗi: mai dafi sai ka ga wani zobe yana ƙyalli a kewayenta. Daga wannan ƙyalli ma aka samo sunayen nau'o'in gubar, B1 da B2 masu shuɗi, G1 da G2 masu kore. B1 ce mafi muni. Na biyu, na kifa faranti na ɗiga ruwan amoniya a murfi. Cikin ɗan lokaci bayan mai dafi ya rine ya koma ja-ja kamar an zuba zoɓo. Na lamba 9 ya rine. Wasu kusa da shi ko gezau.

A kan marasa dafin nan aka gina Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da abokan aikinta na Amurka. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka shafa mata irin funfunar da ba ta da dafi, aka rina ta shuɗi. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, sai marasa dafin su riga masu dafin kama wuri. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ina jinjina wa waɗanda suka yi ta. Sai dai a gona take aiki. Gwaggo ba ta da gona. A kasuwa take aunowa, abin da ya riga ya faru a ƙasa ya faru: ko ruwa ya ɗauke da wuri ƙasa ta yi zafi kwanson ya tsage, ko gara ta ƙwarzane shi, ko an tara gyaɗar a kan danshi bayan tugewa, ko an yayyafa mata ruwa don ta yi saurin ɓaruwa. Tambayata ita ce, mace da tiya goma a gabanta, me ya rage a hannunta?

Talata, 17 ga Disamba

Ranar gidan Gwaggo. Na kwana can don mu fara da asuba, ga sanyin hunturu, ga hazo.

Na auno gyaɗa da kuɗina daga inda ta saba saye, na cakuɗa ta sosai a kan tabarma, na raba biyu. Rabi za a yi shi yadda ake yi kullum. Ɗaya rabin kuwa sai an tsince. Muka baje shi a faifai da tire, ni da Gwaggo da jikokinta biyu, muna fitar da duk wadda ta motse, da wadda ta fashe, da wadda ƙwaro ya huda, da mai baƙi-baƙi ko tabo, da wadda ta yi laushi idan an matsa. Gwaggo ta fi mu sauri nesa ba kusa ba. Yatsunta sun san marar kyau kafin idonta ya kai. Na ce, "Gwaggo, ashe kin san su." Ta ce, "Yo wa bai san su ba? Su ne masu ɗaci. Idan gyaɗar ci ce ko ta kunu, ai cirewa nake. Ta ƙuli ce ba a wahalar da kai, inji zai haɗe, wuta ta ƙone."

Na rubuta wannan magana da babban baƙi a littafina, domin duk binciken nan a cikinta yake. Ba jahilci ne ke sa a bar su ba. An yarda ne cewa wuta tana tsarkake komai, kuma a kan yawancin abubuwa haka ne. Funfunar kanta tana mutuwa a kasko. Dafin da ta riga ta zuba ne ba ya mutuwa: B1 ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 268, man suya kuwa a wajen 180 yake aiki. Suya tana rage wani abu, saura yana nan.

Kashi uku ke nan: wadda ba a taɓa ba, tsintacciya, da tsintuwar da aka fitar. Kowanne aka soya shi daban, aka murje, aka bakace jan ɓawon. A wajen mai inji sai da na roƙe shi ya wanke injin tsakanin kashi da kashi, na biya shi kuɗin ɓata lokaci. Ya ce, "Hajiya, ni dai ban taɓa ganin mai wanke inji saboda gyaɗa ba." Muka dawo aka zuba a turmi. Gwaggo tana juyawa da taɓarya, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ƙullin yana nauyi yana haɗe jikinsa, har mai ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama yana sheƙi. Duk sanyin nan gumi take. Ta dube ni da kwalabena da alƙalamina ta ce, "Uwata, ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Haka take kirana, sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Aka matse tunkuza, aka sa gishiri, aka mulmula, aka soya kowanne a mansa. Na ɗebi gyaɗa, da mai, da tunkuza, da ƙuli daga kowane kashi. Na tsintuwar nan ya fi duhu, amma da a leda na gan shi a bakin titi, wallahi da ban bambance ba. Na ƙulle shi na sa a jakata tun kafin yara su miƙo hannu.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Gwajin tsinke. Ana niƙa samfur, a jiƙa shi a sinadarin da ke janyo gubar, a girgiza, a tace, a tsoma tsinken a jira 'yan mintuna. Wanda ya saba da tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro zai iya ruɗewa, domin nan a juye yake: layi biyu alheri ne, idan layin ƙasa ya ɓace to guba ta haura iyaka. Tsinkayena an yi su ne su nuna ko an wuce maikirogiram 20 a kilo.

Ƙulin tsintacciya: layi biyu, raɗau. Ƙulin da aka yi yadda aka saba: layin ƙasa bai fito ba. Na tsintuwa: bai fito ba, na sirka ruwan na sake, bai fito ba, na ƙara sirkawa sosai, shiru. Na zauna a kan kujera ina kallon tsinkayen uku a jere a kan farar takarda. Buhu ɗaya, turmi ɗaya, hannu ɗaya. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, ban taɓa ganin karin maganar nan a zahiri kamar yau ba.

Man da aka matse ya fi tunkuzar sauƙi, kuma hakan ya dace da abin da aka sani: gubar ta fi son zama a cikin tunkuza. Gyaɗa kusan rabinta mai ne. Idan aka janye mai, dafin da ya rage sai ya taru a ɗan abin da ya saura.

Talata, 21 ga Janairu

Na kai wa Malam sakamakon da murnata, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Sau nawa kika maimaita?" Na ce sau ɗaya. Ya ce, "To ba ki da sakamako tukuna, labari kike da shi."

Ya yi gaskiya. Gubar nan ba ta bazuwa daidai a cikin buhu kamar gishiri a miya. A 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da abin da zai ɓata dubbai. Idan hannunka ya faɗa kanta ka ce buhun ya lalace, idan ya kuskure ta ka ce lafiya lau. Saboda haka ne ƙa'idar ingancin abinci ta duniya, Codex, ta ce a ɗebi kilo 20 cur a niƙa kafin a yanke hukunci a kan lodin gyaɗa. Ni kuwa da tiya nake aiki. Ya kuma tuna mini da lamba 9: akwai mai kyau a ido da ke ɗauke da ciwo, don haka kada in kuskura in gaya wa kowa cewa tsincewa tana kawar da gubar gaba ɗaya. Ragewa take yi.

Mun tsara in maimaita a gidaje huɗu, kowanne da gyaɗar da ya saba saye, kuma in ajiye wani ɓangare na kowane samfur a firiza don a auna ainihin adadin da babbar na'ura idan kuɗi sun samu. Tsinkayena sun kusa ƙarewa. Na sayar da 'yan kunnena na ƙara oda.

Talata, 4 ga Fabrairu

Gida uku sun amince, ɗaya ta ƙi. Ta ce ta ji ana cewa masu zuwa da farar riga su ne ke jawo hukuma ta rufe wa mutum sana'a. Ban ga laifinta ba, marayu take riƙo da wannan turmi. Na gode mata na fito. Gwaggo ta samo mini wata a madadinta, kuma daga yau na daina shiga gidan kowa da farar riga.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An gama gidaje huɗun. A wani gidan gyaɗar tun asali mai kyau ce, kashi biyun duk sun ba da layi biyu. A wani kuma ko tsintacciyar ba ta tsira ba, tsohuwar gyaɗa ce da ta daɗe a ajiye. Amma duk inda na gwada tsintuwar da aka fitar, ita ce mafi muni, ba a samu saɓani ba ko sau ɗaya.

Da yamma na je na zauna da Gwaggo na gaya mata komai, ban rage ba. Na gaya mata cewa hukumar binciken sankara ta duniya ta sa aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, kuma hanta take ci. Idan ta yi yawa a lokaci guda tana kisa cikin kwanaki, kamar yadda aka gani a Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, sanadin masarar da suka noma da hannunsu. Irin tamu kuwa kaɗan-kaɗan ce, shekara da shekaru, ba a jin komai.

Ta yi shiru tana kaɗa carbi. Can ta ce, "Malam ɗinmu cikinsa ne ya kumbura, idonsa ya yi rawaya." Mijinta take nufi, Allah ya ji ƙansa. Na ce, "Gwaggo, ba wanda zai iya cewa ƙulinki ne. Abubuwa da yawa suna taɓa hanta." Kuma har zuciyata haka ne. Ta ce, "Na sani. Kwana ne ya ƙare." Sai ta ɗauko lissafi, domin ita 'yar kasuwa ce: tsincewa tana cin safiya guda, tana kuma rage auna, alhali mai saye ba zai ƙara ko naira ba don an ce masa wannan tsintacce ne. Sannan ta yi mini tambayar da ba ta cikin takardar da Malam ya sa wa hannu. Ta ce, "To wadda aka tsince ɗin, ina za a kai ta?"

Na buɗe baki na rufe. A gidan da ba a zubar da ƙanzo, wa zai zubar da gyaɗa? Kaji za a watsa wa, ga shi kaji ma tana kashe su ko ta hana su girma. Idan saniya ko akuya ta ci, wani ɓangare yana fitowa a nono, shi ake kira M1. Ko kuma a sayar da ita da araha ga wadda ta fi Gwaggo talauci, ta yi ƙulin da ya fi kowanne dafi, almajirai da 'yan makaranta su saya da canjinsu. Idan haka ta faru, ban rage gubar ba, na tattara ta ne na miƙa wa wanda ba shi da zaɓi. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, rabin yini nake a ɗakin gwaji. Amma watan ya buɗe mini ido a kan kunun gyaɗa, wanda kusan kowane gida ke damawa da buɗa-baki, kuma shi ake ɗura wa yaro idan an fara yaye. Binciken da aka yi a ƙasashen Binin da Togo, wanda aka wallafa a 2002, ya duba yara 480, ya tarar waɗanda suka tsumbure sun fi yawan alamar gubar a jininsu, kuma tana ƙaruwa bayan an cire su daga nono. Na roƙi Malam mu ƙara markaɗaɗɗiyar gyaɗar kunu a cikin samfura. Ya ce aikin zai yi mini faɗi. Na ce kaɗan zan ɗauka. Ya amince da sharaɗin in gama rubuta babi na uku kafin Sallah.

Ranar Asabar matan gidajen huɗu sun taru a tsakar gidan Gwaggo bayan la'asar, da wasu maƙwabta da suka ji labari. Na kai musu hotunan farantai a waya da tsinkayen nan a cikin leda. Faranti mai lamba 9 ya zaga hannu-hannu, ana salati. Na kuma yi musu maganar ciwon hanta nau'in B, domin idan ya haɗu da wannan guba a jiki ɗaya haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sau da yawa. Allurarsa tana cikin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, ta farko ana yin ta ne da haihuwa. Wata ta ce a gida take haihuwa, sai bayan suna ake fita da jariri. Na roƙe ta wannan karon a kai shi a ranar, ko da kakarsa ce za ta ɗauka.

A kan tsintuwa, su suka kawo shawarar da ban kawo ba. Wata dattijuwa ta ce a jefa ta a murhu, ai gyaɗa mai ce, tana ci kamar kananzir, ta rage musu itace. Aka yi ta muhawara, wasu na ganin almubazzaranci ne a ƙona abinci. Gwaggo ta ce abin da zai cuci ɗan wani ba abinci ba ne. Ba a kai ga matsaya ɗaya ba, amma uku sun ce za su gwada.

Talata, 8 ga Afrilu

Babi na uku yana hannun Malam. Zafi ya sauka sosai.

Na leƙa gidan Gwaggo jiya ba tare da na sanar ba. Na tarar da jikokin a kan tabarma da faifai, ita kuma tana gefe tana dubawa. Kusa da murhu akwai wani tsohon gwangwanin madara, rabinsa motsattsiyar gyaɗa. Ta ce takan watsa hannu guda idan wuta ta yi sanyi. Ta kuma ce ba kullum take samun tsincewa ba, ranar da oda ta yi yawa sai dai a yi yadda aka saba. Na rubuta duka biyun.

Sashe na gaba shi ne ajiya, domin gyaɗar da za a matse a watan Yuli da Agusta ita ce wadda ta kwana tun Oktoba, ga laimar damina. Yau muka jera buhuna shida a wani ɗaki da aka ba mu aro: biyu a ƙasa a jingine da bango yadda aka saba, biyu a kan katako nesa da bango, biyu kuma a cikin buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake, wanda ba ya shan iska. Na auna danshin kowanne ta hanyar busarwa a murhun lantarki, na rubuta, na rataye ma'aunin laima a ƙusa. Duk ranar Talata ta farkon wata zan zo in ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasa. Tsinkaye 18 suka rage mini a firjin ƙawata, ina bukatar ninkinsu kafin ruwan farko ya sauka.